Butkam Na Kuɗi: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu Kuwa?

Ɗan yayata ya zo gidana wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya zauna a gefen tabarma yana jujjuya waya a hannu, zaman wanda ya zo da magana amma ya rasa ta inda zai kamo bakin zaren. Yaron ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, shekara ta biyu ke nan yana tsaron shagon POS da cajin waya na wani abokinsa. Da na matsa masa sai ya miƙo mini wayar. Talla ce ta wata makaranta mai koyar da gina shafukan intanet cikin wata shida, irin wadda samari ke kira butkam. An sa hoton wani saurayi da laftof a cinya yana murmushi, a ƙasa an rubuta cewa ɗalibansu na samun aiki da kamfanonin waje, albashi da dala.

"Kawu, so nake ka yi wa Umma magana," in ji shi. "Ta ce in ka ce a biya, za ta ba ni kwasar adashenta."

Kuɗin da suka yanka ya isa a sayi sabon babur har a yi masa lamba. Na ce ya ba ni mako biyu. Ra'ayina ne ya rabu gida biyu, kuma kowane ɓangare yana riƙe da hujjar da ba a ture ta da yatsa ɗaya. Sannan adashen Yaya, wanda ta tara daga ɗinkin zannuwan gado, ba kuɗin "a gwada a gani" ba ne.

Abin ba a nan aka fara shi ba. Sunan ma aro ne daga sansanin da sojan Amurka ke gasa kurata kafin a ba su bindiga: 'yan makonni na wahala ba dare ba rana, a fito da mutum ya zama wani daban. General Assembly ta buɗe a New York a 2011. A 2012 Dev Bootcamp ta fara a San Francisco, shekarar da Flatiron School da Hack Reactor da App Academy su ma suka fito. A lokacin kamfanonin fasaha suna neman ma'aikata ido rufe, jami'o'i ba sa yaye isassu, kuɗin masu zuba jari kuma na kwarara kamar ruwan Agusta. Cinikin a fili yake: ka biya tsakanin dala 10,000 zuwa 20,000, ka ajiye komai na wata uku zuwa shida, ka fito ƙaramin mai rubuta manhaja. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: a waɗannan shekarun cinikin ya yi wa mutane da yawa rana, har da waɗanda a da malanta suke ko aikin gidan abinci. Manyan kamfanoni suka hango romo. Kaplan ta sayi Dev Bootcamp a 2014, WeWork ta sayi Flatiron a 2017, Adecco ta biya dala miliyan 412.5 ta karɓi General Assembly a 2018, 2U kuma ta zuba dala miliyan 750 a kan Trilogy a 2019. Tallar da yaron ya nuna mini, labarin waɗancan shekarun take sayarwa.

Masu cewa kada a biya sun fi kowa sauƙin magana. Sukan ce babu abin da za a koya maka a can wanda ba ya nan a zube kyauta. HTML shi ne ƙashin shafi, CSS tufafinsa, JavaScript kuma shi ke sa ya motsa. Babu ɗayansu da yake laƙani ne da sai malam ya ba ka izini. Tun 2014 Quincy Larson ya kafa freeCodeCamp, inda mutum zai fara daga baƙi har ya kai ga gina manhaja ba a karɓi kwabonsa ba. The Odin Project ma haka, ta girme ta da shekara ɗaya. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard, wanda David Malan ke koyarwa, yana intanet ga duk mai so. Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland ta saki Full Stack Open, kwas mai zurfin da ya fi na makarantun kuɗi da dama. Kuma kada ka yi mamaki in ka tarar malamin da za a ba ka a butkam ɗin, shi ma a waɗannan wuraren ya koya. To, in ji su, wane ne zai sayi ruwan leda yana zaune a bakin rijiya?

Na daɗe ina ganin wannan hujja ta gama magana. Abin da ya sanyaya mini gwiwa shi ne wayata. A cikinta akwai darussan Larabci da na sauke shekara uku da suka wuce, kyauta, ban wuce na huɗu ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne. A 2019 mujallar Science ta buga wani nazari a kan kwasa-kwasan MIT da Harvard da ke dandalin edX, aka tarar a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 kusan mutum 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka yi rajista suka kai ƙarshe. Ba shakka wasu leƙe kawai suka je yi. Amma ko an cire 'yan leƙe, saura da yawa sun fara da niyya suka yar a hanya.

A nan masu cewa a biya suke kafa ƙafa, kuma ƙasar tana da tauri. Wanda bai taɓa rubuta manhaja ba bai san yadda waƙafi ɗaya da aka manta zai hana shafi buɗewa ba, mutum ya kwana uku yana lalube, har ya fara zargin ƙwaƙwalwarsa. Galibi a irin wannan daren ake barin karatun. In akwai wanda ya riga ka gani a kusa, minti biyar ya ishe shi ya nuna maka. Akwai kuma abin da ya fi wannan: aikin da ya yi daidai a fuska amma cikinsa ruɓaɓɓe ne. Mai koyo shi kaɗai ba ya gane wannan, domin shafi ya buɗe, maɓalli ya danna, shi ke nan a wurinsa. Duk wanda ya zauna a shagon tela ya san bambancin kallon yadda ake yanka yadi da samun maigidan da zai ɗauki rigar da ka ɗinka ya farke ta gaban idonka ya ce sake. Wannan farkewar ce ake biya wa kuɗi. Haka nan aiki da mutane: huɗu su haɗu a kan manhaja ɗaya ba tare da wani ya goge aikin wani ba, a ba ka ranar miƙa aiki ka cika, a soki abin da ka yi ka haɗiye. Kamfanoni wannan suke nema, kuma ɗaki da bidiyo ba sa koyar da shi.

Mu kuma a nan muna da wasu dalilan da Ba'amurke bai san da su ba. "Kyauta" a wurinmu ba kyauta ba ce. Bidiyo na cin data kamar gara, wuta kuwa sai an ga dama a kawo, laftof ta mutu ana tsakiyar darasi. Makarantar da ke da sola ko janareta, da intanet mai ƙarfi, da kujera da fanka daga safe zuwa yamma, ta riga ta sayar maka da wani abu na zahiri kafin malami ya buɗe baki. Sai kuma gida. Saurayin da ya zauna a ɗaki da kwamfuta, a idon mutanen gida ba ya yin komai. Shi za a aika kai niƙa, shi zai kai ƙanne makaranta, shi zai raka baƙo tasha. In ya daɗe a kan abin, wani maƙwabci zai fara raɗa cewa ko dai yaron nan ya shiga 'yan damfarar intanet ne. Amma ya rataya jaka da safe ya ce ya tafi makaranta, kowa ya kama kansa. Ga 'ya mace abin ya ma fi haka: mahaifin da ba zai lamunci ta kwana a kan waya ba, zai iya yarda ta je wurin da ke da suna da adireshi da lokacin tashi. Wanda ya raina wannan dalili bai tashi a gidan yawa ba.

Akwai wanda zai ce ai jami'a na nan. Haka ne, kuma digirin kimiyyar kwamfuta yana ba da tushen da butkam ba ta bayarwa. Sai dai shekara huɗu ce a takarda. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Kuma ga wanda ya riga ya gama wani digirin kamar ɗan yayata, komawa aji ɗaya ba magana ba ce.

Da a nan maganar ta tsaya, da na kira Yaya a daren na ce ta biya. Amma ka sake duba tallar. Ba ta ce za mu ba ka wuta da kujera da wanda zai farke maka ɗinki ba. Aiki ta ce, da dala. A kan wannan alkawarin ake yanka farashi, kuma a kansa ne tarihin waɗannan makarantu ya fi muni.

A 2017 babban lauyan gwamnatin jihar New York ya sa Flatiron School ta biya dala 375,000, saboda ta yi aiki ba lasisi, kuma ta tallata cewa kashi 98.5 cikin 100 na ɗalibanta sun sami aiki ba tare da ta bayyana sarai cewa lissafin ya haɗa da masu aikin wucin gadi da 'yan kwangila da masu zaman koyon aiki ba. Wannan ƙarami ne a kan na Lambda School, wadda Austen Allred ya kafa a 2017 da wani tsari mai daɗin ji: ba ka biyan ko sisi sai ka sami aikin da ya kai dala 50,000 a shekara, sannan ka riƙa ba su kashi 17 cikin 100 na albashinka har shekara biyu, ba zai wuce dala 30,000 ba. Talaka ya ji wannan sai ya ce ga masu tausayi, in ban samu ba su ma ba su samu ba. Makarantar ta sauya suna zuwa BloomTech a 2021. A Afrilun 2024 hukumar kare masu mu'amalar kuɗi ta Amurka, CFPB, ta fitar da abin da ta gano. Ana tallata cewa kashi 71 zuwa 86 na ɗalibai suna samun aiki, alhali alƙaluman cikin gida suna kusa da kashi 50, wani lokacin har ƙasa zuwa 30. Yarjejeniyar da aka ce ba bashi ba ce, hukumar ta ce bashi ne, kuma da kuɗin ruwa a ciki. Sannan makarantar ta riƙa sayar da takardun bashin ga masu zuba jari, ta karɓi kuɗinta tun ɗalibi bai rubuta takardar neman aiki ta farko ba. Ashe "sai ka samu mu samu" baki ne kawai. Aka ci su tarar kusan dala 164,000, aka haramta wa kamfanin harkar ba da bashi, shi kuma Allred aka hana shi harkar bashin ɗalibai na shekara 10.

Irin wannan tsari na karatu yanzu biya daga baya ya iso Najeriya tuni. Takardarsa ba wadda za a sa wa hannu a tsaye ba ce. A karanta a ga me zai faru in mutum ya bar karatun a rabi, me ake nufi da "samun aiki", kuma wa zai bi bashin in makarantar ta rufe. Ga Musulmi akwai ƙari: in abin da za a biya daga baya ya ɗara na mai biya nan take, a kai wa malami ya duba ratar kafin a sa hannu.

Dafa alƙaluma ba ya buƙatar ƙarya tsagwaro. A cire waɗanda suka gudu kafin ƙarshe, tunda "ba su kammala ba". A cire waɗanda aka kira ba su ɗaga waya ba. Wanda ya yi wa ƙanin babansa shafi ɗaya aka ba shi na goro, a rubuta shi mai zaman kansa. Biyar daga cikin waɗanda suka gama a ɗauke su mataimakan malamai a makarantar, su ma sun sami aiki. Kafin ka ankara an kai kashi 90. Can fa a Amurka ke nan, inda ake samun hukumar da za ta zo ta buɗe littattafai. In wata makaranta a Kano ko Kaduna ko Legas ta liƙa kashi 90 a allo, wa ya ƙirga?

Ko da alƙaluman sun kasance na gaskiya a da, kiɗan ya canja. A Nuwamban 2022 Meta ta sallami ma'aikata 11,000. A Janairun 2023 Amazon ta sanar da 18,000, Google 12,000, Microsoft 10,000. Ƙwararru masu shekaru a bakin aiki suka cika kasuwa suna neman kujerun da a da sabon shiga ke samu. A ƙarshen Nuwamban 2022 ɗin nan ChatGPT ya fito, kuma aikin da ƙirƙirarriyar basira ta fi saurin yi shi ne daidai wanda ake fara ba ɗan butkam: shafi mai sauƙi, fom, gyaran launi da tsari. Makarantun kansu suka fara faɗuwa. Dama Dev Bootcamp da The Iron Yard sun rufe tun 2017. Codeup ta jihar Texas ta rufe a ƙarshen 2023, Epicodus ta biyo a 2024, shekarar da 2U, mai dala miliyan 750 ɗin nan, ta je kotu ta ce bashi ya fi ƙarfinta.

Mu ma mun ga namu tun kafin wannan. Andela ta fara a Legas a 2014 da tsarin da ya fi kowace butkam kyau ga ɗalibi, domin ita ke biyan wanda take horarwa, sannan ta haɗa shi da kamfanonin waje. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba mata dala miliyan 24, shi da kansa ya zo Legas a shekarar. Amma a Satumban 2019 Andela ta sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, ta ce abokan cinikinta ƙwararru suke nema. Waɗannan yara ne da aka tace aka sake tacewa cikin dubban masu nema. In su ba a sami inda za a kai su ba tun kafin zuwan ChatGPT, ina dalilin da zai sa in yarda cewa wata shida a wani bene zai kai ɗan yayata ga albashin dala?

Masu cewa a biya ba su yi shiru a nan ba, kuma amsarsu ta fi yadda na zata nauyi. Sun ce na'urar da ke rubuta manhaja tana rubuta kuskure da ƙarfin hali ɗaya da yadda take rubuta daidai. Wanda bai iya ba, ba zai bambance ba. Zai kwafa ya liƙa, ranar da abu ya lalace ya tsaya yana kallo. Ke nan buƙatar malamin da zai tsare ka ya ce yi mini bayanin layin nan ƙaruwa ta yi. Sun ce kuma ba dole sai dala ba. Makarantu masu zaman kansu na buƙatar inda iyaye za su duba sakamako, kemis na buƙatar lissafin magani, ƙananan asibitoci na fama da fayil ɗin takarda, ƙungiyoyin agaji na neman mai tattara musu bayanai. Wanda ya iya aikin kuma ya san mutane zai ci abinci. Kuma sanin mutanen, sau da yawa, a aji ake fara shi: abokin zamanka na yau shi zai kira ka gobe in an ce a kawo mutum.

Na yarda da rabin wannan. Inda na tsaya shi ne girman kasuwar. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke sayar da atamfa dila-dila, WhatsApp da Instagram sun ishe shi, ba ya ganin dalilin biyan wani ya gina masa shafi, balle ya riƙa biyan kuɗin ajiye shi duk shekara. Mai makarantar da ke son manhaja kuwa, farashin da zai taya sai ka ji kunya. Manyan ayyukan suna Legas da Abuja, ko a waje, kuma na waje yana son Turancin da za a yi taro da shi a rubuta bayani da shi, abin da babu butkam da ke gyarawa cikin wata shida. Sana'ar tana ciyar da mutum, amma a hankali, kuma shekarar farko ta yunwa ce.

Wannan shekarar ta yunwa ba ta cikin rasit. Kuɗin makaranta ɗaya ne cikin kuɗaɗe. Akwai laftof mai ɗan ƙarfi, wadda farashinta ke bin dala, dalar da ta haura naira 1,500 a 2024. Akwai kuɗin mota kullum. Akwai ɗan abin da yaron ke samu a shagon POS, wanda zai tsaya ranar da ya fara zuwa aji. Akwai watannin da zai yi bayan kammalawa yana aika takardu ba amsa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, iyali nawa ne za su iya ɗaukar wannan duka in abin bai yi ba? Ba'amurken da ya yi asarar dala 15,000 ya ji ciwo. Amma uwar da ta ba da adashen shekara guda, ko uban da ya sayar da fili, nasu ciwon har ƙannen yaron sai sun ji shi.

Tsakanin ɗaki da makarantar kuɗi ma akwai wuri. Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023, wanda ya fara da mutum 30,000, kyauta ne, kuma yana haɗa masu koyo da cibiyoyi a jihohinsu. Akwai ƙungiyoyin masu rubuta manhaja da ke haɗuwa a jami'o'i da cibiyoyin fasaha a Kano da Kaduna da Jos. Ko samari huɗu da suka haɗa kuɗin data da fetur, suka sa wa kansu ranar nuna wa juna aiki, sun sami wani kaso na abin da ake sayarwa.

Da na juya maganar ta kowane gefe, sai na koma shagon tela. Yaron da aka kai wa maigida koyon ɗinki, maigidan na da riba a iyawarsa. In ya iya da wuri, shago ya sami hannu. In aka yaye shi ya je yana ɓata wa mutane yadi, sunan maigida ne zai ɓaci, domin za a tambaya yaron wa ne. Makarantar da ta karɓi kuɗinta cif ranar farko ba ta da wannan igiyar a ƙafa. Ka iya, ka ƙi iyawa, ita ta gama cinikinta, idonta na kan rukuni na gaba. Saboda haka ni tambayata ga kowace butkam ita ce me ya ɗaure ta da ɗalibinta bayan ya biya. Wasu na da amsa: aji kaɗan ne, malamin yana aikin da hannunsa har yanzu, yana karanta abin da kowa ya rubuta layi-layi, ana biya kashi-kashi yadda in abu bai yi ba mutum ya tsaya, kuma suna tace masu shiga. Makarantar da ke karɓar duk wanda ya zo da kuɗi, ba gwaji ba tambaya, ta riga ta faɗa maka abin da take nema.

Rabin maganar ke nan. Ɗaya rabin kuma yana wurin ɗalibin. Butkam tana ƙara wa mai tafiya sauri ne. Wanda ya riga ya ɗanɗana, ya kwana a kan kuskure ya tashi yana son komawa, shi ne kuɗin zai yi wa aiki, domin ya san tambayar da zai yi. Wanda hoton laftof da dala ne kawai ya ja shi, zai biya kuɗin babur don ya gano abin da wata biyu na freeCodeCamp za su nuna masa a banza, wato ko yana son aikin ma.

Abin da na gaya wa yaron ke nan da ya dawo. Na ba shi aron tsohuwar laftof ɗina. Na ce ya yi wata biyu yana koyo da kansa, ya gina wa Ummansa shafin zannuwanta, da hotuna da farashi da inda za a danna a yi mata magana. Na ce kuma ya je makarantar ya nemi su bar shi ya zauna a aji na yini ɗaya, su kuma ba shi lambobin waɗanda suka gama bara, shi zai zaɓa daga rajista.

Zama a aji sun yarda, ya ce malamin ya iya bayani, wuta kuma ba ta ɗauke ba har aka tashi. Rajista kuwa sun ce sirri ce, suka ba shi lamba biyu da suka zaɓa da kansu. Na farko yana aiki a Abuja, ya yabi makarantar ƙwarai, amma da hira ta yi nisa sai ya ce shi tun yana sakandare yake taɓa JavaScript. Na biyun mataimakin malami ne a makarantar.

Kwasar Yaya sai bayan ƙaramar Sallah, don haka ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Shekaranjiya wajen ƙarfe sha ɗaya na dare wayata ta yi ƙara, na ɗauka a tsorace.

"Kawu, ka yi haƙuri na tashe ka. Hotunan zannuwan nan a laftof sun zauna daidai, amma a waya sai su hau kan juna. Tun la'asar nake kai."

Na ce ai ni ban san kan abin ba, ya bari sai da safe.

"A'a, Kawu, ina jin na kusa ganowa. Caja nake tambaya, ko ta biyun tana wurinka?"